Lakers 110, Minnesota 103 (Oktoba 2024): daren Davis ne ko daren Bronny?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Su wa suka tsaya wa wasan Lakers da Minnesota a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka? Ƙarfe uku na dare agogon Najeriya aka fara, ba a tashi ba sai da aka kira sallar asuba. Akwai abin da yake cina tun ɗazu. Duk inda ka leƙa yau hoton LeBron James da ɗansa Bronny, da suka buga wa Lakers tare, za ka gani, alhali wanda ya ci wasan nan Anthony Davis ne. Maki 36 ya zuba, ya kwaso ƙwallo 16 a gindin kwando, ya toshe jifa uku. Kuma a gaban wa? A gaban Rudy Gobert na Minnesota, wanda a kakar da ta wuce ya karɓi kyautar gwarzon mai tsaron gida karo na huɗu. Rabon Lakers da cin wasan buɗe kaka tun 2016. Amma duk an manta da wannan, an koma kan yaron da bai cika minti uku a fili ba. Ni wannan rashin adalci ne ga Davis.

Abban Kurna:
Wa alaikumus salam. Na kalla, a waya, da cajin da na biya kuɗi aka yi min a bakin titi, don tun Litinin rabonmu da wuta. Ɗan Fagge, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Shigar Bronny alfarma ce tsagwaronta. A jami'ar USC matsakaicin makinsa 4.8 ne a wasa. Da wannan lissafin aka ɗauke shi, aka ba shi kwantiragin shekara huɗu na kusan dala miliyan 8. Jiya ya shigo saura minti huɗu a tafi hutun rabin lokaci, ya yi jifa biyu duk ba su shiga ba, aka fitar da shi, bai sake dawowa ba. Ken Griffey da ɗansa, waɗanda suka yi wasan besbol tare a Seattle a 1990, suna wurin, har hoto aka ɗauka da su. Abu ne da aka tsara don tarihi. Akwai yaran da suka fi shi iya wasa suna zaune a gida babu ƙungiya.

Maman Ihsan:
Abba, in za a faɗi labari a faɗe shi duka. A watan Yulin 2023 zuciyar yaron nan ta tsaya cak ana tsakiyar atisaye, yana ɗan shekara 18. Aka gano da matsalar aka haife shi, aka yi masa aiki, sai a watan Disamba ya dawo fili. Wannan 4.8 da kake kirgawa makin wanda ya taso daga gadon asibiti ne. Ni aikin jinya nake yi, na san yadda mutum yake komawa bayan irin wannan, hawa bene ma sai ya riƙa tsayawa yana sauraren ƙirjinsa. Jiya da na ga sun miƙe daga benci tare, sun cire rigunan ɗumi, sun nufi teburin alƙalai, uba da lamba 23 ɗa da lamba 9, mutanen filin duk sun tashi tsaye, wallahi sai da na yi ƙwalla. Uwarsa tana cikin 'yan kallo. Ka tuna abin da matar nan ta gani wata goma sha biyar da suka wuce.

Abban Kurna:
Anti, ban raina ciwonsa ba, Allah Ya ƙara masa lafiya. Amma tausayi daban, cancanta daban. In saboda ciwon ne, ai da sai ya ƙara shekara ɗaya a jami'a ya murmure, ya nuna abin da zai iya, sannan ya fito. Me ya sa aka yi gaggawa? Saboda uban zai cika shekara 40 a Disamba, ana tsoron kada lokaci ya ƙure.

Auta:
Yayyena ku yi haƙuri da ni, ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, bana na fara bin wannan. Na ji ana ta cewa shi ne na 55. Na 55 a me? Kuma wannan nasarar ta jiya maki nawa take bayarwa a tebur?

Malam na Samaru:
Auta, tambayarka ita ce za ta warware rabin gardamar nan, bari in yi maka bayani. Duk shekara a watan Yuni ƙungiyoyin NBA talatin suna zama su zaɓi sababbin 'yan wasa bi da bi, zagaye biyu. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar baya su ne suka fi samun damar zaɓen farko. Bana mutum 58 aka zaɓa, Bronny ne na 55, wato saura uku a rufe. A can ƙarshen layi ƙungiya ba ta sa ran samun tauraro. Da yawa daga waɗanda ake ɗauka a nan ba sa daɗewa a gasar. Ana samun na dabam, Manu Ginobili na 57 ne a 1999, Isaiah Thomas shi ne na 60 a 2011, amma irinsu tsiraru ne.

To Abba, da Lakers sun ɗauki yaron nan da zaɓensu na 17, da ni ne zan fara yi musu ihu. Ba su yi haka ba, Dalton Knecht suka ɗauka da shi, kuma jiya ya fi Bronny daɗewa a fili. Abin da suka kashe a kan Bronny zaɓe ne mai arha, abin da suka samu kuma kwanciyar hankalin LeBron, mutumin da ya fi kowa cin maki a tarihin gasar, wanda yake kakarsa ta 22. Ban ce babu alfarma ba, akwai. Milwaukee ma sun riƙe Thanasis, wan tauraronsu Giannis, shekara biyar. Amma a duba yadda kocin ya yi: sai da suka ba da tazara mai kauri sannan ya sa shi, da aka yi abin da za a yi ya cire shi, ya koma neman nasara. Bai sayar da wasan don hoto ba.

Game da tebur, babu maki uku a nan. Kowace ƙungiya wasa 82 take yi daga Oktoba zuwa Afrilu, ana kirga ci da faɗuwa kawai, babu canjaras, in an yi kunnen doki sai a ƙara minti biyar. Goma sha biyar a Gabas, goma sha biyar a Yamma. Shidan farko a kowane ɓangare su wuce kai tsaye, na bakwai zuwa na goma su fafata a kan gurbi biyu. Babu faɗawa ƙaramin rukuni.

Auta:
Na gode Baba. Ashe saura wasa 81. To me ya sa Yaya Ɗan Fagge yake murna haka?

Ɗan Fagge:
Ƙanena, ba sakamakon ne ya faranta min rai ba, yadda aka yi wasan ne. Bara mun ci 47 mun faɗi 35, muka shiga da ƙyar, Denver ta fitar da mu 4-1, aka sallami koci Darvin Ham. Abin da ya riƙa ƙona min rai a lokacin shi ne Davis zai yi wuta a farkon wasa, in an zo kwata ta huɗu sai a manta da shi, kowa ya riƙa jifa daga nesa. Jiya ba haka aka yi ba. Ana ba shi ƙwallo a kan layin jifan fawul yana fuskantar Gobert, in Gobert ya matso ya wuce shi, in ya ja baya ya jefa. Da Minnesota suka fara rage tazara a ƙarshe, wurinsa aka koma. LeBron maki 16 kawai ya ci kuma aka yi nasara. Jifan maki uku talatin muka yi, biyar suka shiga, kuma aka yi nasara. Bara in hannu ya ƙi haka, an gama da mu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ɗan Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan ƙarfe biyu aka fara. Ni Minnesota nake goya wa baya saboda Anthony Edwards, kuma zan ce wa Ɗan Fagge ya bi a hankali. Ƙungiyar da kuka doke jiya ba ta gama sanin kanta ba. Sati uku da suka wuce aka kammala cinikin da ya kai Karl-Anthony Towns New York, aka kawo Julius Randle da Donte DiVincenzo. Towns yana tsayawa can waje ya jefa maki uku, dole mai tsaronsa ya bi shi, hanya ta buɗe wa Edwards. Randle kuwa yana son ƙwallo a hannunsa kusa da kwando, inda Gobert ya riga ya tsaya. Jiya sau nawa Edwards ya kutsa ya tarar da mutum uku a gabansa? Duk da haka ya ci 27. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba don wasa aka yi cinikin nan ba, don kuɗi ne. Albashin Towns ya yi nauyi, sabuwar dokar kashe kuɗi kuma tana ɗaure hannun ƙungiyar da ta wuce iyaka. Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na Yamma a watan Mayu, karon farko tun 2004, ita aka taɓa.

Ɗan Fagge:
Gaskiyarka a kan Randle. Amma tsaron gidanku bai canja ba, Gobert yana nan, McDaniels yana nan. Ta nan muka ci ku.

Bamaraɗe:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Kun cika wuri da zancen uba da ɗa, kun bar wasan da ya fi. Kafin naku, sha biyu da rabi na dare, Boston ta ɗaga tutar kofinta na 18, 'yan wasa suka karɓi zobensu, sannan suka yi wa New York 132 da 109. Jifan maki uku 29 suka ci, daidai da tarihin da Milwaukee ta kafa a 2020. Da sauran lokaci mai yawa suka kai 29 ɗin, suka yi ta neman na 30, jifa goma sha uku a jere ya ƙi shiga. Tatum ya ci 37 ya ba da ƙwallo goma aka ci. Wannan Tatum ɗin da aka bari a benci wasa biyu a gasar Olamfik ta Paris. Kuma Porzingis bai buga ba, yana jinya. New York ta kwashe dukiyarta ta sayo Bridges da Towns don ta tare Boston, ga abin da ya faru. In ana maganar abin da daren farko ya nuna, shi ne wannan.

Malam na Samaru:
Bamaraɗe, na kalli naku ma, kuma ina taya ka murna. Amma zan faɗa maka gaskiya, zuciyata ba ta kwanta da irin wasan nan ba. Jifa 61 daga bayan layin maki uku a wasa ɗaya! Mu da muka taso a kan Hakeem Olajuwon, abin da ya sa muka so ƙwallon kwando aikin ƙafa ne. Ya karɓi ƙwallo ya ba mutum baya, ya girgiza kafaɗa hagu, mai tsaro ya tafi, ya juya dama ya ɗaga kamar zai jefa, mutum ya yi tsalle, shi kuma ya ratsa ta ƙarƙashin hannunsa. Ku nemi abin da ya yi wa David Robinson a 1995 ku gani. Yanzu yaro mai ƙafa bakwai yana tsaye a kusurwa yana jiran a miƙo masa. Shi ya sa wasan Davis na jiya ya fi min daɗi.

Bamaraɗe:
Malam, da girmanka, lissafi ne ya kawo haka. In ka yi jifa ɗari na maki biyu rabi suka shiga, maki ɗari ke nan. In ka yi ɗari na maki uku 36 suka shiga, maki 108. Wane koci zai ga haka ya ƙi? Kuma ba tsayuwa kawai suke yi ba. A duba yadda ake samun jifan: Tatum ya ja mutum biyu, ya miƙa wa Horford, Horford ya miƙa wa White, ƙwallo ta taɓa hannu huɗu kafin mai tsaro ya iso. Wannan ma gwaninta ce. Houston ɗin Olajuwon ma, a shekarun da suka ci kofi, 1994 da 1995, su suka fi kowa jifan maki uku. Ana taruwa a kansa, yana fitar da ita ga su Kenny Smith da Robert Horry.

Malam na Samaru:
Haka ne, amma daga ciki ake farawa a fito waje. Yanzu daga waje ake farawa a ƙare a waje. Wannan ne bambancin, kuma ba na jin za ka sauya min ra'ayi a kai.

Na Garwa:
Ina so in dawo da mu kan maganar Abba, don an bar ta ba a gama ba. Bayan Bronny da mutum ɗaya, na 57, wani yaro ne ɗan ƙasarmu Kamaru, Ulrich Chomche, wanda ya fito daga makarantar NBA da ke Senegal, ya tafi Toronto. Yves Missi, shi ma ɗan Kamaru, na 21 ne, yana New Orleans. Adem Bona da aka haifa a Legas na 41 ne. Waɗannan babu wanda ya san iyayensu. Su suka bar gida suna yara, suka koyi yare, suka yi ta gwaji. In na ga hoton Bronny a ko'ina, su nake tunawa. Ban ƙi yaron ba, amma na fahimci zafin Abba.

Abban Kurna:
Allah Ya saka da alheri. Abin da nake faɗa ke nan. A cikin Lakers ɗin ma ga Austin Reaves, babu wanda ya zaɓe shi a 2021, da guminsa ya zama ɗan wasan farko. Ga Gabe Vincent namu, shi ma ba a zaɓe shi ba, sai da ya sha wahala a ƙaramar gasa kafin Miami ta ɗauke shi. Shi ne ya ci 21 ranar da Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a 2021. Su wa suka tashi tsaye don su ranar da suka fara?

Maman Ihsan:
To ai ba Bronny ne ya hana a tashi musu ba. Kuma ka lura da abu ɗaya: su Reaves sun yi kurakuransu babu mai kallo. Shi wannan duk jifan da ya ɓarar duniya za ta gani. Jiya uban ya miƙa masa ƙwallo a bayan layi, ya jefa ta ƙi, kafin gari ya waye an yaɗa ko'ina. Ni uwa ce, ba zan so wa ɗana wannan nauyin ba ko da dala miliyan takwas. Sannan in maganar waɗanda ba a yaba musu ake yi, 'yan matanmu na Najeriya D'Tigress sun doke Ostareliya da Kanada a gasar Olamfik ta Paris, sun kai zagayen 'yan takwas, abin da babu wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi a Olamfik. Rena Wakama ce kocinsu. Mu nawa ne a nan muka hana idonmu barci dominsu?

Ɗan Zongo:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma wasanninsu ma ba cikin tsakar dare aka yi su ba.

Malam na Samaru:
Ni abin da nake so matasanmu su riƙe daga maganar Na Garwa shi ne hanya. A nan Zariya Masai Ujiri ya taso, a nan ya fara wasa, a hannun Koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru yana horar da yara a filin jami'a. Bai taɓa buga NBA ba, amma shi ne shugaban Toronto da ta ci kofi a 2019. Lokacin da nake saurayi, da la'asar filin nan cika yake, siminti ne, in ka faɗi gwiwa ta tafi, ragar kwandon ta yage sai zoben ƙarfe, amma akwai mai tsayawa ya gyara maka tsayuwar ƙafa da riƙon ƙwallo. Bronny ya samu wannan a cikin gidansu tun yana rarrafe. Yaran da nake gani yanzu a unguwa, dogaye, hannu har gwiwa, ba su da mai nuna musu. Wannan ya fi damuna a kan wanda Lakers suka ɗauka na 55.

Abban Kurna:
Baba, na yarda da wannan. Amma ra'ayina a kan jiya yana nan. In ya tafi ƙaramar ƙungiyarsu ta South Bay ya yi wasa na gaske, minti talatin a dare, ya nuna zai iya tsare mutum, ni da kaina zan zo nan in yaba masa. Kafin nan gurbin da yake kai na wani ne.

Auta:
Ni dai na ga abu ɗaya da ya ba ni mamaki. An ce minti 48 ne wasan, amma sai da aka yi awa biyu da rabi. Datata ta kusa ƙarewa.

Ɗan Fagge:
Agogo yana tsayawa duk lokacin da aka busa, ga hutun da koci yake nema, ga talla. Ka rage ƙarfin hoton a wayarka, zai isa. In kuma ba za ka iya duka ba, ka kwanta da wuri ka tashi ƙarfe huɗu da rabi, za ka samu rabin wasa na biyu. Janareto kam a bar shi, a Oktoban nan na 2024 litar mai ta haura naira dubu.

Ɗan Zongo, Bamaraɗe, ga inda zan gane ko abin da na gani jiya gaskiya ne. Sabon kocin Lakers, JJ Redick, bai taɓa horar da ƙwararru ba, shekara 15 ya yi yana wasa, ya koma sharhi, jiya ne wasansa na farko. Ya samu watanni yana shirya wa Minnesota. Yanzu zai samu kwana biyu kacal. Daren Juma'a, wato ƙarfe ukun asubahin Asabar a wurinmu, Phoenix za su zo da Durant da Booker, washegari kuma Sacramento. Wasa biyu a dare biyu. Vanderbilt da Christian Wood duk suna jinya, in Davis ya zauna Jaxson Hayes kaɗai ne dogo. Bara Davis ya buga wasa 76, bai taɓa yin haka ba tunda ya shigo gasar, kuma ban san ko jikinsa zai sake ba da haka ba. Minti nawa za a ba shi a daren na biyu, kuma wa zai riƙe gindin kwando in ya fita, su zan zuba wa ido.

Bamaraɗe:
Sabonis na Sacramento ne zai gwada shi, ba Phoenix ba. Ya sha ba Davis wahala. Ni wasan Sacramento zan tashi wa.

Maman Ihsan:
Ina aikin dare ranar Juma'a, ba zan samu na Phoenix ba. Wanda ya kalla ya rubuto mana yadda Gabe Vincent ya yi. Bara wasa 11 kawai gwiwa ta bar shi ya buga, ina so in ji ko yana iya bin Booker.